Shin barin bango barin gida ne? Muhawara kan salon mai zanen unguwarmu

Dattijo magini: Ina nan a kan abin da na faɗa bayan mun dawo daga kallon ayyukansa: tun da yaron nan ya bar bango ya koma shafa fenti a kan ƙyalle, zanensa ya daina zama na Kano. Na san shi yana ɗan shekara 10 yana miƙa wa mahaifinsa kwaɓaɓɓiyar ƙasa da makuba, kuma a gabana ya fara fitar da dagi a goshin zaure kafin laka ta bushe. Wancan ado ne da talaka da basarake suke gani kyauta idan sun wuce, wannan kuwa sai mai kuɗi ya saya ya rataye a falonsa.

Malamar zane: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan ban bi ka ba. Babban zanen da ya ajiye a bakin ƙofa, a marinar Ƙofar Mata ya rina ƙyallensa da baba kafin ya ɗora masa komai, kuma dogayen tsinin da suka sauko daga sama aska takwas ce ta babbar riga. Idan mutane sun rushe ginin ƙasa sun koma bulo da siminti da kwano, a wane bango ake so ya yi aikin?

Abokin karatunsa: Malama, ni ina tsakaninku. Tare muka yi makarantar allo, kuma daga allon zayyana na masu sauka ya koyi raba fili gida-gida da daidaita ja da ruwan ɗorawa. Sai dai shekarun farko bayan dawowarsa daga karatun zane a Zariya, da ya duƙufa kan zana mahaya a hawan Daushe da fuskokin mutane, hannunsa ya yi kyau amma ban gane shi a ciki ba, domin kowane ɗalibi yana iya yin irinsu.

Malamar zane: Wannan na yarda, Malam, lokacin neman hanya ne. Amma Zariyar ba ta koyar da guje wa gida. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a can a 1958, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, kiransu shi ne a haɗa dabarar makaranta da gadon iyaye. Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo, mai zanenmu kuma daga baya ya bar fuskoki ya dawo ga dagi da zanko.

Dattijo magini: 'Yata, ban musa cewa dagi yana cikin ƙyallen ba. Damuwata ita ce ba shi da yaro ko ɗaya da yake koyon aikin laka a hannunsa, alhali shi a hannu ya karɓa. Ginin ƙasa irin na Gidan Makama yaɓe yake so a kai a kai, to idan mun kau wa za a kira?

Abokin karatunsa: Baba, ya sha gaya mini cewa da zai sami mai ba shi bango, da ya koma.

Dattijo magini: To ka gaya masa bangon zaurena na gabas yana jiransa bayan damina. Ya zo da yara biyu, kuma ƙasa za mu kwaɓa.