Malam, boka ko ɗan damfara: me za mu rubuta a layin farko?

Ɗan Tudun Wada, Gusau

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu da ke rubutu a Wikipedia ta Hausa a nan Gusau mun kwana biyu muna ja-in-ja kan abu ɗaya. Kun san masu fitowa a tashoshin tauraron ɗan Adam, lambar waya na yawo a ƙasan allo, suna cewa suna ganin wanda ya yi maka sammu da inda kayanka na sata suke. Idan irin wannan mutum ya shahara har ya cancanci shafi a kundin sani, me za a kira shi a jimlar farko? Wani ya ce malam, wani ya ce boka, wani ya ce a sa ɗan damfara kowa ya huta. Ina son jin waɗanda abin ya taɓa shafa da kansu.

Uwar Biyu, Ƙauran Namoda

Wa alaikumus salam. Ni abin ya shigo har tsakar gidanmu. Ƙanen maigidana aka ɗauke a hanya, kwanaki suka yi ta tafiya babu kira. Inna, mahaifiyarsu, ta daina cin abinci. Sai wata maƙwabciya ta kawo lambar wani da take gani a talabijin. Na kalle shi da idona: yana zaune kan buzu, da rawani, da dogon carbi, ga faifan yashi a gabansa yana zane da yatsa. Aka fara da kuɗin buɗe aiki, sai na turare, sai na baƙin bunsuru. Inna ta sayar da tunkiyarta da tasoshin da ta adana tun na aurenta. Daga ƙarshe ya ce yaron ya riga mu gidan gaskiya, a yi masa sadaka. Har mata sun fara shigowa gaisuwa sai ga kira daga daji, da muryarsa. Yana nan da rai yanzu, amma lokacin da ake haɗa kuɗin fansa Inna ba ta da ko allurar da za ta sayar.

Na tambaye ta me ya sa ta yarda da shi. Ta ce ai an rubuta "Shehi" a ƙarƙashin hotonsa. Don Allah, duk abin da za ku rubuta, kada ku ba shi malam ko shehi da bakinku.

Tsohon Ma'aikacin Gidan Talabijin, Gusau

Allah ya ƙara tsarewa, Hajiya. Wannan rubutun na ƙasan allo, ni na sha buga irinsa da hannuna. Mutum ne ke sayen fili, ya biya kuɗin rabin awa, ya miƙo takarda da laƙabin da yake so, mu kuma mu kwafa. Babu mai tambayar a wace zaure ya yi karatu. Na taɓa fita shan iska ana tsakar shiri, na tarar da yaransa biyu a gindin darbejiya da wayoyi, su ne masu "kira daga nesa" suna godiya cewa aiki ya ci. Tun 2004 hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ƙasa, NBC, ta hana nuna mu'ujizar da ba a tabbatar ba, amma sana'ar ba ta mutu ba. Saboda haka shirinsa ba hujja ba ne a kansa, tallarsa ce da ya biya.

Malamin Sakandare, Birnin Kebbi

Labarin Uwar Biyu ya tayar mini da tsikar jiki, don irinsa sak ya faru a Amurka. Wani ɗalibina da nake koya wa rubutun kundi ya ɗauki tarihin Sylvia Browne, wata Ba'amurkiya mai iƙirarin sanin abin ɓoye, ya buɗe da "maƙaryaciya ce". Na ce ya goge, ya jera abin da ya faru. A 2004, a shirin talabijin na Montel Williams, ta shaida wa mahaifiyar Amanda Berry cewa 'yarta da ta ɓace ta mutu. Uwar ta rasu a 2006 ba ta sake ganin 'yarta ba. A watan Mayun 2013 aka ga Amanda da rai a birnin Cleveland, ta kuɓuta daga gidan da aka tsare ta shekara goma. Haka Sylvia ta gaya wa iyayen wani yaro, Shawn Hornbeck, cewa ya mutu, aka same shi da rai a 2007. Wanda ya karanta wannan ba ya jiran ka zage ta, kuma babu wanda zai iya goge shi ya ce son rai ne.

Ga yadda muka gyara layin farko: marubuciya ce kuma mai fitowa a talabijin wadda ta yi iƙirarin tana sanin abin ɓoye. Iƙirarin ya zauna a bakinta, bai dawo bakin kundi ba.

Ɗan Argungu

Malam, da girmamawa, ni ina ganin kewaye-kewaye ne. Wanda ya ce ya san gaibu addini ya riga ya raɗa masa suna, boka ne, kuma hadisi ya zo cewa mai zuwa wurinsa ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa kwana arba'in. Kakata ko kusa ba ta ruɗa malamin allo da ɗan duba.

Malamin Sakandare, Birnin Kebbi

Ban musa maka ba, ƙanena. Idan bugun ƙasa yake yi a bainar jama'a kuma jaridu sun kira shi ɗan duba, a rubuta haka, sana'arsa ce. A kawo matsayin malamai a sakin layinsa. Ɗan damfara ne kawai ba za mu sa ba sai kotu ta yanke.

Yaya Babba, Zuru

Ku ƙara da batun suna. Akwai wanda muka taso unguwa ɗaya, gyaran rediyo yake yi a bakin kasuwa, sai na gan shi a allo da sabon suna yana cewa a wata ƙasa aka haife shi. Miss Cleo ta Amurka, mai tallar duba ta waya a talabijin, ita ma haka ta yi: ta ce daga Jamaika take, ashe a Los Angeles aka haife ta, sunanta Youree Dell Harris. A 2002 hukumar kare masu sayayya ta kai kamfanin da take wa talla ƙara, ya yafe wa masu kira bashin dala miliyan 500. A sa sunan da aka san mutum da shi a kai don mai nema ya samu, sunan yanka ya biyo nan take. Kuma mu Kiristocin nan muna da masu kiran kansu annabi a talabijin. Idan kun ƙi kiran wancan shehi, ku ƙi kiran wannan annabi, ni zan taya ku tattara rahotannin jaridu a kansu.