Saƙon da saba ke bayarwa alhali ba nan ciwon yake ba: wane suna za mu ba shi?

1/ Jama'a, musamman masu kula da saba (server, kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet) a nan Jos, a taya ni neman suna. Akwai irin saƙon kuskuren da ke nuna maka gabas alhali matsalar tana yamma, kuma an fi cin karo da shi idan izinin fayil, wato ƙa'idar wa zai iya taɓa shi, ya karkace.

2/ Ka haɗa Nginx da PHP-FPM, manhajojin da ke fito da shafi, a kan tsarin kwamfuta na Ubuntu, ka buɗe shafi, sai ka ga "File not found." Ka leƙa da ls, umarnin jero fayiloli, ga fayil ɗin shafin, index.php, nan zaune daram. Ashe www-data, asusun da saba ke aiki da shi, ba shi da izinin x a ɗaya daga cikin foldojin da ke kan hanya. A jikin folda, x shi ne izinin ratsawa. Bai iya wucewa ba, bai ga komai ba, sai ya ce babu. Wani ƙanena mai yi wa makarantu shafi a Bukuru ya wuni yana sake loda fayil ɗin da bai taɓa ɓata ba. Da ya buga namei -l, umarnin da ke nuna izinin kowace folda, a kan hanyar fayil ɗin, da nan take ya ga foldar da ta tare shi.

3/ SSH kuwa, hanyar shiga saba daga nesa, nasa a juye yake: izini ne ya yi yawa. Idan foldar .ssh da ke kan saba ta buɗe wa kowa ya yi rubutu a ciki, sai ya ƙi mabuɗinka ya ce "Permission denied (publickey)", kai kuma ka yi ta ƙirƙiro sabon mabuɗi a banza. Lambar izini 700 ake ba foldar, 600 fayil ɗin mabuɗan da ke cikinta, wato mai su kaɗai ke iya taɓa su. Masu watsa 777 (buɗe wa kowa komai) ko'ina, ku ji da kyau.

4/ Wani ya ce a kira shi "saƙon ƙarya". Ban yarda ba, ƙarya sai da niyya.

5/ "Ɓad-da-sawu" ma niyya ce, amma tana da gurbinta: GitHub, shafin ajiye lambobin manhaja, da gangan yake ba ka 404, wato "babu shi", idan ka nemi rumbun sirri da ba ka da izininsa, don kada ka san akwai shi. A bar masa wannan.

6/ Ga na saba, ni "shaci-faɗi" na zaɓa, tunda ya faɗi abin da bai tabbatar ba. Yana kuma zama a baki: "Malam, wannan shaci-faɗi ne, duba izini tukuna."

7/ Saura x. Karantawa da rubutawa sun zauna wa izinin r da w, amma x a fayil zartarwa ne, a folda ratsawa. Wa ke da kalma ɗaya da za ta ɗauki biyun?