Ina neman Hausar "defensive lineman" kafin shirin ƙarfe 4

Ɗan Rediyo: Assalamu alaikum malamai. Yau da ƙarfe 4 zan kawo tarihin Alan Page a shirin wasanni. Ya buga ƙwallon Amurka a Minnesota Vikings daga 1967 zuwa 1978, ya yi ritaya a Chicago Bears a 1981. Yana cikin wasan ya yi karatun lauya, daga baya ya zama alƙali a Kotun Ƙoli ta jihar Minnesota daga 1993 zuwa 2015, baƙar fata na farko a wannan kujera. Sunan gurbin da yake bugawa ne ya gagare ni, wato defensive lineman. A taimaka.

Na Gwale: Mai tsaron baya mana. Kowa ya san shi.

Ɗan Rediyo: Ai matsalar a gaba yake tsayawa. Cikin 'yan wasa 11 masu tsaro, mutum 3 ko 4 ke durƙusawa a sahun farko, goshi da goshi da abokan hamayya. Da an saki ƙwallo sai su kutsa su kayar da mai jefa ta, ko su tare mai gudu da ita. In na ce baya, mai sauraro zai hango ɗan ƙwallon ƙafa kusa da gola.

Malama Mai Alli: To ka ce ɗan sahun gaban tsaro. Da tsawo, amma ba ya ɓatar da kowa.

Baban Nahawu: Haba Malama, wannan ai bayani ne, ba suna ba. Ga kalma tamu ta gado: ganuwa. Ɗan ganuwa, jam'i 'yan ganuwa. Yaro ma zai riƙe ta.

Na Gwale: Baba, ganuwa tsayuwa take yi, ba ta bin kowa da gudu. Waɗanda ke kare mai jefa ƙwallo su ne ganuwar. Shi Page aikinsa fasa ta, kuma saurinsa ne ya sa a 1971 ya zama ɗan tsaro na farko da aka zaɓa gwarzon ɗan wasan NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka.

Baban Nahawu: Duk da haka ɗan ganuwa ya fi. Ku matasan nan kun saba da Hausar da aka jero a kan Turanci, shi ya sa kalmar asali take muku nauyi a baki. Haka kuka bar tamaula kuka kama ƙwallo kowane iri.

Ɗan Damagaram: Gafara dai Baba, a nan wajenmu garu muke cewa. Kullum in za a ƙirƙiro kalma sai a ɗauko ta Kano, kamar mu ba rediyon muke saurara ba.

Baban Nahawu: Ɗana, ba gari nake karewa ba, harshe nake karewa.

Na Gwale: Wasan da ba a yi a unguwa, wa zai riƙe masa suna ma?

Malama Mai Alli: Kada ka raina. Osi Umenyiora, ɗan asalin Najeriya, a wannan sahun ya buga, ya ci Super Bowl, wato kofin wasan ƙarshe na NFL, sau 2 da ƙungiyar New York Giants, kuma yanzu yana aikin zaƙulo matasan Afirka ga NFL. Za mu sake buƙatar kalmar nan.

Ɗan Rediyo: Lokaci ya ƙure, iyayena. A farkon shiri zan ce ɗan sahun gaban tsaro, in bayyana aikinsa a jimla ɗaya, daga nan in riƙa cewa ɗan sahun gaba. So nake yaran da ke saurare su fahimci mutumin da ya kafa gidauniyar tallafa wa ɗalibai a 1988, shekarar da aka saka shi cikin zauren karrama fitattun 'yan wasan da ke Canton, garin haihuwarsa.

Baban Nahawu: Ka yi na yau haka. Amma ban janye ɗan ganuwa ba, a ajiye wa masu kare mai jefa ƙwallo.

Ɗan Damagaram: In an zo nan, da sauran magana.