Ku duba min kundin zane-zanena, wata bakwai ina neman aiki shiru

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata huɗu ina zane a kwamfuta. Da manhajar Krita na fara, yanzu kuma Clip Studio Paint na fi riƙewa. Burina in samu aiki a kamfanin wasannin bidiyo ko na katun, a ɓangaren ƙirƙirar jarumai da siffarsu. Wata bakwai ke nan ina tura takardu, wuri ɗaya ne kawai suka tanka min, su ma cewa suka yi kundina bai nuna inda na dosa ba. Yana kan Behance, shafin intanet da masu zane ke baje ayyukansu, ayyuka 34 ne a ciki: tamburan da na yi wa 'yan kasuwa, hotunan fuskoki, fastoci, jarumai shida da na ƙirƙira da kaina, sai jaruman katun da nake so na kwaikwaya. Na jera su daga mafi tsufa zuwa sabo don a ga yadda hannuna ya faɗa. Don Allah a gaya min gaskiya, ko da ɗaci.

Wata da ke tantance masu neman aiki:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, na buɗe kundin, kuma waɗanda suka amsa maka ba su zalunce ka ba. Abin da ya fara tarar idona tambarin shagon ɗinki ne. Da a wurin aiki nake, ga kundaye jibge suna jirana, a nan zan ɗauka mai tambari ne ya ɓata hanya, in rufe in wuce. Jarumar nan mai takobi da ƙaho, wadda ita ce ta fi komai kyau, sai da na gangara can ƙasa na same ta. Jeren da ka yi don a ga ci gaba malaminka zai yi wa amfani. Mai ɗaukar aiki abin da hannunka zai iya yau yake nema. Ka dawo da ita sama, ka sa na biyunta a kyau a ƙarshe, tamburan da fastocin ka kwashe su gaba ɗaya daga nan.

Mai neman shawara:
Na gode Anti. Amma tamburan su ne aikin da aka taɓa biyana a kansu. In na cire su, ba za a ce ban taɓa aiki da kowa ba?

Ita dai:
Wannan a CV ake faɗa, layi biyu ya isa. In kana son ci gaba da karɓar aikin tambari, ka buɗe masa kundi dabam da nasa adireshin.

Wani tsohon hannu a zanen wasanni:
Na yarda da ita, amma akwai abin da ya fi jere damuna. Jarumanka shida duk hoto guda guda ne, an gama an goge, kowa ya tsaya yana kallonmu. Wannan zanen bango ne. Mai ƙirƙirar jarumi aikinsa ya ba wanda zai gina shi a Blender ko Maya, manhajojin gina siffar 3D, abin da zai bi ba tare da ya yi ta tambaya ba. Ina bayan jarumar? Ina gefenta? Takobin nan yaya yake rataye in tana gudu? Ƙahon daga kai ya tsiro ko a hula yake? Ni kaina ban gane ba, kuma na daɗe ina kallo.

Ka ɗauki uku daga cikin shidan, kowanne ka yi masa shafi cikakke: ƙananan inuwoyi baƙaƙe da ka fara gwada siffa da su, har waɗanda ka watsar, sai jarumin ta gaba, ta gefe, ta baya, sai fuska cikin fushi da dariya da tsoro, sai kayan hannunsa a zane dabam. Ka ƙara jimla biyu kan wane ne shi da dalilin da ya sa ka zaɓi wannan siffar. Mu a wurin aiki tunanin mutum muke saye.

Sannan, kada ka ji haushi, huɗu cikin shida sun ɓoye hannuwa, wani a aljihu, wani a bayan riga. Duk wanda ya taɓa zane ya san abin da ake gudu. Ka zauna ka yi ta zanen hannu har ya daina ba ka tsoro. Ka kuma mayar da hotunanka baƙi da fari ka duba: na jarumin dajin nan in an cire launi, shi da bishiyoyin bayansa sun zama abu ɗaya. Juya hoto kamar a madubi shi ma yana tona karkacewar fuska nan take.

Wani ɗan'uwa:
Ni fa ban ga laifin barin jaruman katun ɗin ba. Ai su suka fi jawo masu kallo.

Tsohon hannun:
Masu kallo dabam, masu ɗauka dabam. Wanda ya ƙirƙiri jarumin ya riga ya warware matsalar siffa, kai launi kawai ka nuna. In zai bar ɗaya, ya zama wanda ya sake wa fasali da kansa, ya kuma rubuta a fili cewa asalin jarumin ba nasa ba ne. Uku daga cikinsu ma tsofaffi ne, kuma wake ɗaya ke ɓata gari.

Wata mai zanen littattafan yara:
Ƙarin bayani kan wurin ajiya. Behance na Adobe ne tun 2012, kuma masu tsara tambari da talla sun fi yawa a can. Mutanen wasanni da fim sun fi leƙa wani shafin irinsa, ArtStation, wanda kamfanin wasanni Epic Games ya saya a 2021. Tunda can ka nufa, ka buɗe shafi a can. Na kuma lura babu imel ɗinka a ko'ina, sai adireshin Instagram. Wanda ba shi da asusu Instagram ba ya barinsa ya yi nisa, kuma ba kowa zai tura maka saƙo ta can ba. Ka sa imel a sama. Ka tanadi PDF mara nauyi saboda wuraren da ke neman a maƙala fayil. Ni na taɓa tura adireshin Google Drive na manta ban buɗe izinin kallo ba, sati biyu ina jiran amsa ashe ƙofa a kulle take. Ka gwada komai a wayar wani kafin ka tura.

Batun zanen farko da Malam ya kawo yana da wani amfanin kuma. Yanzu da hotunan AI suka cika intanet, mai dubawa yana son ya tabbatar hannunka ne. Clip Studio Paint yana iya naɗar bidiyon yadda zane ya taso, ka kunna shi kafin ka fara sabon aiki.

Mai neman shawara:
Allah Ya saka da alheri. Maganar hannuwa ta shige ni, don gaskiya ce. Na zauna na tace, 34 sun koma 7, har kundin ya yi min kama da kango. Bai yi kaɗan ba? In dakata da neman aikin har in cika shi?

Mai tantancewar:
Bakwai masu ƙarfi ba su yi kaɗan ba. Kada ka cike gurbi da abin da ka riga ka fitar. Ka ɗan dakata da turawa har ka gama shafin jarumar mai ƙaho, sannan ka ci gaba kana ƙara sauran. Kafin kowace turawa ka kalli wasannin kamfanin, in salonsu na katun ne kada ka buɗe musu da mai kama da hoton kyamara.

Tsohon hannun:
In ka gama shafin ka kawo shi nan tun yana zanen farko, kafin ka sa launi, gyara ya fi sauƙi a lokacin. Bayanta nake son fara gani.