Wai wa ke jiran tsoho? Rigimar da sabon kundin Robert Plant ya tayar a zaure

Mai Faifai: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun jiya, in ban faɗe shi ba ba zan samu sukuni ba. Tun da aka sanar a watan Yulin 2025 cewa mawaƙin nan ɗan Ingila Robert Plant zai fitar da sabon kundinsa, Saving Grace, ranar 26 ga Satumba, nake ƙirga kwanaki. Jiya a wurin aiki na kunna waƙar da suka fara saki daga ciki, sai wani yaro da na girme wa nesa ba kusa ba ya dube ni ya ce, "Yaya, wa ke jiran tsoho?" Aka kwashe da dariya. Wallahi abin ya yi mini ciwo. Mutumin nan tun 1968 ya zama mawaƙin ƙungiyar kiɗan rock ta Led Zeppelin. Bayan rasuwar makaɗin gangarsu John Bonham a 1980 suka watse. A 2007 da suka haɗu dare ɗaya tak a zauren O2 na Landan, mutum miliyan 20 aka ce sun nemi tikiti. Da kuɗi yake so, da ya amince sun zaga duniya suna maimaita waƙoƙin da, amma ya ƙi. Ni dai ina nan a kan bakana: a duk sa'o'insa, shi kaɗai ne bai kwanta yana cin tsohon suna ba, kullum sabon abu yake nema. Wanda ya san wani bayan shi ya faɗa mini.

Ɗan Zamani: Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya huci zuciyarka, yaron bai kyauta ba. Amma ka daina cewa "sabo". Waƙoƙi goma ne a kundin, kuma na mutane ne. Akwai ta Blind Willie Johnson, akwai ta Memphis Minnie, mutanen da suka yi tashe tun kafin a haifi Plant ɗin. Ita kanta wadda ka kunna a wurin aikin ta ƙungiyar Low ce. To ina sabon yake?

Mai Faifai: Ƙanina, kundin da bai fito ba ai sabo ne. Ko ka taɓa jin sa a wani wuri?

Ɗan Zamani: Kwalin ne sabo, Yaya. Kayan ciki gwanjo ne.

Uwar Biyu: Haba Ɗan Zamani, gwanjo fa ka ce? Kalmar nan ta yi nauyi. In mace ta dafa irin miyar da kakarta take yi, sai a ce ɗumame ta kawo? Muryar tasa ce, makaɗan nasa ne, ga mawaƙiya Suzi Dian da suke rerawa tare. Tun 2019 suke tare da mutanen nan, suna bin ƙananan zauruka suna wasa, shekara shida suna tace abin kafin su ce ga shi. Wanda yake neman banza ba ya wannan wahalar.

Malamin Jita: Hajiya, da girmamawa, misalin miya bai shiga nan ba. A harkar kiɗa akwai mai ƙirƙira akwai mai maimaitawa, kuma ladansu ba ɗaya ba ne, har a rabon kuɗi. Wanda ya rubuta waƙa yana da nasa kaso daban da na wanda ya rera. Kundin Plant na ƙarshe da ya cika da waƙoƙin da ya sa hannu a rubutunsu shi ne Carry Fire, 2017. Na 2021 da ya yi da mawaƙiyar Amurka Alison Krauss ma kusan duk na wasu ne. Shekara takwas ke nan. Ni ban ce ba zai yi daɗi ba. Na ce ne a kira shi da sunansa: tsofaffin waƙoƙi a bakin tsoho.

Kawun Zaure: Kai ma ka maimaita kalmar da ta kawo mu nan. Ba a ce wa mai shekara 77 da ke kan ƙafarsa yana sana'arsa tsoho haka gatsal. Dattijo ake cewa.

Malamin Jita: Kawu, ranka ya daɗe, tsufa ba zagi ba ne. An haife shi a watan Agustan 1948, lissafi ne kawai.

Kawun Zaure: Lissafin na sani, ai kusan tare muka ga duniya da shi fiye da ku. Amma yadda kuke furta ta ne. In kun ce tsoho, abin da kuke nufi shi ne wanda ya ƙare. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ɗan Zamani: Kawu, ai muryar ta ƙare mana. Ku saurari yadda yake tsala ihu a 1971, sannan ku saurare shi yanzu. Rabin abin da yake kaiwa da ba ya kaiwa. Shi ya sa ma ya gudu daga Led Zeppelin, ya san ba zai iya ba, ku kuma kuka mayar da abin jarumta.

Uwar Biyu: Wa ya gaya maka dalilinsa ke nan? Kana wurin?

Ɗan Zamani: Kowa ya sani, Hajiya.

Uwar Biyu: Kowa wa? Ni abin da na sani, bayan ya sauke muryar ne ya yi kundin Raising Sand a 2007, kuma a 2009 kundin ya kwashe lambar yabo ta Grammy biyar, har da na kundin shekara baki ɗaya. Duk ihun da kake yabo bai ba su wannan kambun ba lokacin da suke tare. Kuma ku da ba ku san zafin haihuwa ba, ku tuna mutumin nan ya rasa ɗansa mai shekara biyar a 1977 yana tsakiyar rangadi a Amurka, bayan shekara uku ya binne amininsa na ƙuruciya, Bonham. In irin wannan mutum ya ce ba ya son komawa wancan zamanin, ni ba zan tambaye shi dalili ba.

Mai Faifai: Allah ya saka da alheri Hajiya. Amma jama'a har yanzu ba wanda ya amsa tambayata. Na ce a kawo mini wani a sa'o'insa da ya yi abin da ya yi.

Bawan Allah: Ni kun ba ni mamaki da kuke ta jayayya a kan sabo da tsoho. Yaushe mutanen nan suka taɓa yin sabo? Tun farko da sata suka fara. Willie Dixon, baƙar fatar Amurka marubucin waƙoƙi, bai kai su kotu a 1985 kan wata waƙarsu da ya ce daga tasa suka ɗauko ba? Sai da suka sasanta a wajen kotu, aka sa sunansa a waƙar. Wanda yake da gaskiya ba ya biya. Kiɗan baƙar fatar Amurka suka ɗauka suka ƙara masa ƙara suka zama attajirai, masu abin kuwa da yawa suka mutu ba su da ko sisi.

Mai Faifai: Malam, ka iya bakinka. Aro daban, sata daban.

Bawan Allah: Aro ana faɗa wa mai abu. In sai da lauya ya ƙwanƙwasa ƙofa ka tuna da mai abu, wannan ba aro ba ne. Kuma ko aron ne, kayan aro ba ya rufe katara.

Malamin Jita: A nan kam ba na tare da kai gaba ɗaya, Bawan Allah. Maganar Dixon gaskiya ce, ba mai musu, kuma abin kunya ne. Amma a kundinsu na huɗu, 1971, sun sa sunan Memphis Minnie a waƙar da suka ɗauko daga aikinta na 1929, ba tare da kowa ya tilasta musu ba. Sannan babbar shari'ar nan da aka yi musu a Amurka a kan waƙarsu da ta fi kowace suna, Stairway to Heaven, ai su suka yi nasara a 2016, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2020. Kada a ɗauki laifi ɗaya a shafa wa komai.

Bawan Allah: Sun ci shari'ar da suka yi da fararen fata 'yan'uwansu. Wannan me ya shafe ni?

Kawun Zaure: To yanzu kuma mun koma launin fata.

Ɗan Sahara: Tunda an zo nan bari in sa baki. Plant ɗin da kuke kira ɓarawo shi ne ya ɗauki ƙafa ya je har Essakane, bayan Timbuktu, a 2003, bikin kiɗan hamada, inda mawaƙin Mali Ali Farka Touré da ƙungiyar Abzinawa ta Tinariwen suka yi wasa. Ya kwana a cikin rairayi kamar kowa. Kafin nan a 1994 shi da Jimmy Page, makaɗin jitar Led Zeppelin, sun je Marrakesh a Maroko sun zauna da makaɗan gargajiya na Gnawa. Daga baya ya ɗauki Juldeh Camara, Bafulatanin Gambiya, ya sa shi cikin ƙungiyarsa, suka zaga duniya, yana cikin kundin 2014. Ɓarawo ba ya komawa gidan da ya yi sata ya yi sallama. Ranar da na fara jin gogen Camara a kan jitar lantarki tsigar jikina ta tashi.

Malamin Jita: Gyara kaɗan: ba goge ba ne. Riti suke kiransa, kuma a girma da zaƙin murya ya fi kusa da kukuma.

Ɗan Sahara: Malam, tsirkiya ɗaya ce ta gashin wutsiyar doki, ana goga ta da baka. Wannan in ba goge ba mene ne?

Malamin Jita: Kukuma ma haka take ai. Bambancin a girman ƙoƙon yake da kaifin sautin. Goge muryarsa ta fi kauri. Ka sake saurara da kyau, abin Camara siririyar murya gare shi.

Ɗan Sahara: Na saurara fiye da sau ɗari. Goge ne.

Malamin Jita: Shekara nawa ka yi kana taɓa tsirkiya?

Ɗan Sahara: Sai na iya kiɗa kafin kunnena ya yi aiki? Kullum haka kake yi a zauren nan, duk wanda ya yi magana sai ka tambaye shi takardar shaida. Ranar da ake maganar Tinariwen ma haka ka yi mini, ka ce ban san shekarar da suka ci Grammy ba, alhali 2012 na faɗa kuma ita ce.

Malamin Jita: Ban ce ba ka sani ba, cewa na yi kundin 2011 ya fito. Je ka duba abin da na rubuta.

Uwar Biyu: Don Allah ku bar tone-tone. Mai Faifai ya zo da ɓacin rai, kun bar shi a tsaye.

Bawan Allah: Zuwa hamada ba ya biyan bashi. Hoto ya je ɗauka. Nawa ya bar musu?

Ɗan Sahara: Kai nawa ka bar musu?

Ɗan Zamani: Ni dai har yanzu ba a nuna mini sabon ba. Kuma tsakani da Allah, wannan abin da yake yi yanzu ma rock ne? Banjo ne da garaya irin ta Turawa da rera waƙa a hankali kamar ana lallashin jariri. Ku kira shi kiɗan gargajiyar Amurka mu huta.

Kawun Zaure: To bari in tattara, tunda dare ya yi kuma ni ne babba a nan. Abin da zaure ya tsaya a kai shi ne: kundin sabo ne, domin ba wanda ya iya nuna inda ya taɓa jin sa. Kalmar tsoho ba ta dace ba, kuma yaron wurin aikin Mai Faifai ya yi rashin ɗa'a, haka ma waɗanda suka maimaita ta a nan. Maganar sata ta rushe tunda Malamin Jita da kansa ya kawo hukuncin kotu. Hajiya ta kawo Grammy biyar, ba wanda ya kawo ko ɗaya da zai karya ta. Batun murya kuwa, masu cewa ta ƙare yara ne da ke auna waƙa da ƙarfin ihu, in sun kai shekarunmu za su gane. Ɗan Sahara ya yi gaskiya, goge ne. Saboda haka Mai Faifai ne da gaskiya tun farko, mu jira 26 ga wata.

Bawan Allah: Kawu, yaushe ta rushe? Shari'a biyu aka ambata, ka ɗauki wadda ta yi maka daɗi ka bar ta Dixon. Wannan ba tattarawa ba ce.

Ɗan Zamani: Kuma ba zaure ne ya tsaya a kai ba, Kawu ne ya tsaya.

Malamin Jita: Ranka ya daɗe, komai na yarda a bar shi zuwa gobe, amma ban da wannan. Kukuma ce.

Mai Faifai: Na gode Kawu. Amma ni sunan mutum ɗaya na nema tun da yamma, wani sa'ansa da ya ƙi komawa cin tsohon suna, kuma har yanzu ba a ba ni ba. Na riga na biya kuɗin faifan tun makon da aka sanar. Ranar da ya iso zan tafi da shi wurin aiki, in zaunar da yaron nan ya ji shi daga farko har ƙarshe.

Ɗan Sahara: In ka gama da shi ka turo wa Malamin Jita na 2014 ɗin, ya sake jin gogen.