Me ya sa gumakan haikalin Jagannath suke kamar ba a gama sassaƙa su ba?

Ɗalibin Tarihi:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske game da haikalin Jagannath da ke garin Puri a jihar Odisha ta Indiya. Me ya sa gumakansa uku na itace ne, kuma ba su da cikakkun hannaye, alhali yawancin gumakan mabiya addinin Hindu da dutse ko ƙarfe ake yin su? Mene ne kuma dalilin fito da su titi kowace shekara?

Mai Nazarin Addinai:
Wa alaikumus salam. Ya kamata a raba tarihi da hikaya. A tarihi, Sarki Anantavarman Chodaganga ne ya fara ginin da ke tsaye yanzu a ƙarni na 12. A hikaya kuwa, mabiya suna cewa wani gungume ne teku ta kawo gaɓa a zamanin Sarki Indradyumna, sai wani tsohon masassaƙi ya yarda ya yi aikin bisa sharaɗin kada kowa ya buɗe masa ƙofa har kwana 21. Da aka daina jin ƙarar sassaƙa, haƙuri ya ƙare, aka buɗe ƙofar kafin wa'adi, sai aka tarar tsohon ya ɓace ya bar Jagannath da wansa Balabhadra da ƙanwarsu Subhadra yadda suke a yau. Da yake itace yana lalacewa, akan sassaƙa sababbi da icen darbejiya bayan shekara 8 ko 12 ko 19, a binne tsofaffin cikin harabar haikalin. An yi haka a 1996 da 2015.

Malamar Makaranta:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai bai taɓo tambaya ta biyu ba. Bikin fito da gumakan, wato Ratha Yatra, yana faɗowa a Yuni ko Yuli. Kafin ranar, ana yi wa gumakan wanka da tulu 108 na ruwa, sannan a ɓoye su kimanin mako biyu, wai zazzaɓi ya kama su. Daga nan ake ɗora su kan manyan karusai uku na katako, waɗanda ake ƙerawa sababbi duk shekara, na Jagannath mai ƙafafu 16, na Balabhadra 14, na Subhadra 12, jama'a su ja da igiya kusan kilomita 3 zuwa haikalin Gundicha. Abin da ya fi jan hankalina shi ne sarkin Puri da kansa yake share karusan da tsintsiya mai mariƙin zinariya, domin nuna cewa shi ma baran Jagannath ne.

Mai Nazarin Addinai:
Gaskiya ne, Malama. Fitowar tana da muhimmanci saboda ba a barin wanda ba Hindu ba ya shiga haikalin, don haka lokacin bikin ne kowa ke iya ganin gumakan. Har ma ana tsayar da karusar Jagannath kusa da kabarin Salabega, mawaƙin ƙarni na 17 wanda mahaifinsa Musulmi ne, domin a hikayarsu karusar ta taɓa ƙin motsi har sai da ya iso.