Gashin haƙarƙari na kudancin Shikago: ɗan'uwan balangu ne, kuma na talotalon ya halatta?

Baban Amira: Salamu alaikum jama'a. Magana biyu zan ajiye a nan, mai musu ya fito. Ta farko, gashin da Baƙaƙen Amurka suke yi a kudancin Shikago, rib tips (gefen haƙarƙarin alade) da hot links (niƙaƙƙen nama mai yaji da aka ɗura a hanji), balangu ne da tukubarsa, gilashi kawai aka zagaye ta da shi. Ta biyu, na talotalo da suke sayarwa a irin waɗannan shaguna ban ga abin da zai hana Musulmi ci ba. Na gwada a wani shago a unguwarmu. Babu kujera ko ɗaya, ta bayan gilashin da harsashi ba ya hudawa za ka miƙa kuɗi, a juyo maka da ledarka ta wata 'yar ƙofa mai juyawa. Soyayyen dankali a ƙasa, nama a kai, miya mai zaƙi ta jiƙe komai, sai yanka biyu na farin burodi a sama. A kan bonet na cinye shi a tsaye. Tun da na zo ƙasar nan ban ci naman da ya ji hayaƙi haka ba.

Maman Hanif: Wa alaikumus salam. Baban Amira, tambaya ɗaya: talotalon nan a kan wace waya aka gasa shi?

Baban Amira: A cikin akwatin gilashin mana. Shi kaɗai na gani.

Maman Hanif: To shi ke nan. Na yi shiru, manya su zo.

Ɗan Fawa: Yaya, bari in fara da ta farkon, tunda sana'ar gidanmu ce. Ka san ma wane yanki ne rib tips? Idan an fito da awazar alade, akwai gefen da ke wajen ƙirji, inda ƙashi ya ƙare guringuntsi ya soma. Mahautan nan suna yanke wannan gefen don sauran haƙarƙarin ya fito a miƙe kamar allo, shi ne yankan da suke dangantawa da St. Louis. Abin da aka yanke ɗin, mai guringuntsi da kitse da ɗan nama a maƙale, shi ne rib tips. A da rara ne, arha ɓagas. Balangu kuwa tsoka ce. Mai tukuba yana zaɓar cinya ko gadon baya, ya shimfiɗa, ya shafa man gyaɗa, ya bar shi a gefen garwashi. Su nasu kitsen jikin naman ne yake narkewa yana ɗiga cikin harshen wuta, wutar ta tashi, hayaƙin kitsen ya koma jikin naman. Shi ya sa za ka ga mai gashin riƙe da tiyo yana watsa wa wutar ruwa. Ka taɓa ganin mai balangu da tiyo?

Baban Amira: Na ga mai balangu da mafici da gwangwanin ruwa. Duk sarrafa wuta ne, ƙanena.

Ɗan Fawa: Mafici hura wuta yake. Tiyo kwantar da ita yake. Mu garwashi muke nema, su itacen da ke ci ganga-ganga a ƙarƙashin nama kai tsaye, galibi hikori da ok.

Ɗan Maraɗi: Ni dai duk naman da aka zuba wa sukari na cire shi daga dangi.

Kawu Jos: Ku ba ni wuri. Ni Kirista ne, na alade na ainihi nake ci, kuma na daɗe a garin nan fiye da yawancinku, don haka ni zan iya faɗa muku yadda yake a baki. Baban Amira, abin da ka ci talotalo ne da aka yanka gunduwa-gunduwa don ya yi kama da shi. Yana da daɗi, amma ba shi ba ne. Na ainihin ba a cin sa da gaggawa. Kowace gunduwa akwai fararen guringuntsi ƙanana a ciki, sai ka bi da haƙori da harshe kana raba su da nama, wasu su tauna su haɗiye, wasu su tofar a takarda. Gefensa ya ƙone ya yi ƙarau, cikinsa kitse ne mai laushi. Kafin ka kai ƙasan kwalin dankalin ya sha miya da mai ya yi laɓo-laɓo, kuma akwai waɗanda don wannan dankalin suke zuwa. Burodin nan da kuke rainawa shi ne tsumman goge hannu, shi ne cokali. Hot link ɗin Shikago kuma niƙa ce mai gwari-gwari, ba irin sumul ɗin nan ta kanti ba, da barkono busasshe da kake ganin jajayen ƙwayoyinsa, da ganyen sej. In ka gatsa fatar tana fashewa, mai ya biyo. Wanda bai fashe ba an yi masa gashin ganganci.

Maman Hanif: Kawu, ka bayyana shi har na ji kunyar yawun da ya taru mini.

Kawu Jos: 'Yata, ki yi istigfari, laifina ne. Amma ku bar ni in ƙarasa, don a batun dangantaka ina bayan Baban Amira rabi. Mutanen da suka kawo gashin nan daga kudu suka zo, lokacin babbar ƙaurar da ta kwashe Baƙaƙe kusan miliyan 6 daga jihohin kudu tsakanin wajen 1910 da 1970. Na Shikago da yawa daga Misisipi ne. Leon Finney daga can ya zo ya buɗe shagon gashinsa a 1940. 'Yan gidan Lemons daga garin Indianola suka buɗe Lem's a 1954, reshen titi na 75 kuma a 1968, har gidauniyar James Beard, mai ba gidajen abinci lambar yabo a Amurka, ta karrama su a 2025. A can gida a rami suke gashi a fili. Suka zo birnin da ake sanyi mai kashe yatsa, ga dokar kashe gobara, ga ɗan shago matsattse, sai aka ƙera musu akwatin ƙarfe da gilashi mai bututun hayaƙi. Ga kuma mayankar Union Stock Yards a nan kudancin gari tun 1865 har aka rufe ta a 1971, rarar nama tana fita kullum. Talaka baƙo ya ɗauki abin da mai kuɗi ya raina, ya tsaya a bakin wuta da daddare yana sayar wa 'yan'uwansa masu dawowa daga aiki. Wanda ya san yadda mai tsire Bahaushe yake kafa tukuba a Legas ko Kumasi ya san wannan labarin.

Hajiya Zongo: Kawu ya faɗi gaskiya a nan. A Kumasi ma da dare ne kasuwarsu, kuma kowa ya san daga ina suka zo.

Ɗan Fawa: Kawu, na yarda masu sana'ar sun yi kama. Naman ne bai yi kama ba. Namu busasshe ne, yajin ƙuli da citta da barkono a kai, albasa ɗanya a gefe. Ko ka nannaɗe shi a takarda ba ya jiƙa ta sai da mai. Nasu iyo yake a miya.

Kawu Jos: Ka ce a sa maka miyar a gefe, suna yi. Masu gashin da suka yarda da hannunsu ma sun fi son haka.

Ɗan Maraɗi: Miya a gefe, sukarin yana nan.

Hajiya Zongo: Kai ɗan nan, shayin da kake sha cokali nawa kake zubawa?

Ɗan Maraɗi: Hajiya, shayi ai ba rago ba ne.

Ustaz: Salamu alaikum. Na ga an kira ni. Ta farkon ku ƙarata, ni ba mahauci ba ne. Ta biyun ce ta dame ni, don Baban Amira ya haɗa tambayoyi biyu ya mai da su ɗaya. Akwai batun yankan talotalon kansa. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ma'abota Littafi, kuma malamai sun yi saɓani a kan ko yankan inji na masana'antun nan ya shiga ciki. Wasu sun sassauta, wasu sun ƙi. Wannan saɓani ne sananne, wanda ya bi ɗaya ba zan yi faɗa da shi ba. Amma ko da kai ka yanka talotalon da hannunka ka yi bisimilla, in aka ɗora shi a wayar da kitsen alade yake tafasa a kanta, aka juya shi da ƙarfen da aka juya wancan, aka sare shi da adda ɗaya a kan katako ɗaya, maganar yanka ta wuce. Haramcin alade a aya ta 173 ta Baƙara bai tsaya kan tsoka ba, malamai sun haɗa da kitsensa.

Baban Amira: Allah ya gafarta Malam, wuta fa? Zafin cikin akwatin nan ba abin da zai bari. Ai wuta tana cinye ƙazanta.

Ustaz: Da a ce an kwashe alade, an bar wayar ta yi ja ta ƙone ƙurmus, an kankare, sannan aka ɗora naka, da sai mu zauna mu buɗe littafi. Hadisin Abu Sa'alaba a Buhari da Muslim a kan ƙoren Ma'abota Littafi ne: in akwai wasu kada a ci a cikinsu, in babu a wanke a ci. Wanki aka ce. A nan kuma ba a wanke ba, ba a ma jira ba, gefe da gefe suke gasuwa.

Kawu Jos: Malam, zan ba ka shaida ko da yake ba shari'ata ba ce. Ta gilashin ake ganin komai, amfaninsa ke nan. A shagunan da nake zuwa, in nama ya nuna tara shi ake a kusurwa, wani kan wani, don ya zauna da ɗumi. Na sama yana zuba a na ƙasa. Da daren Juma'a layi har waje, babu mai lokacin sauya adda. Ba mugunta ba ce, yawancin masu sayen talotalon don hawan jini ko son rai suke guje wa alade, ba ruwansu da abin da ya taɓa me.

Maman Hanif: Ga kuma abin da ba a faɗa ba. Ko an rubuta hot link na naman shanu ne ko na talotalo, fatar da aka ɗura shi a ciki sau da yawa hanjin alade ce. A kwalin kanti ana rubutawa a jerin kayan haɗi, da ƙananan haruffa. A shagon gashi babu kwalin da za ka duba. Baban Amira, ka ci link ɗin?

Baban Amira: Ban ci ba. Talotalo kawai.

Ɗan Maraɗi: Ya ce "kawai" da sauri.

Baban Amira: Wallahi ban ci ba. Amma ku tsaya. Unguwannin nan cike suke da Musulmi Baƙaƙe. Hedikwatar Nation of Islam, ƙungiyar addini ta Baƙaƙen Amurka, tana nan titin Stony Island, su ma ba sa cin alade, ga kuma Ahlus Sunna da yawa da suka biyo Imam Warith Deen Mohammed bayan 1975. Kuna nufin duk mutanen nan da aka haifa a kan gashin nan sun haƙura da shi?

Hajiya Zongo: Ba su haƙura ba, ɗana, nasu suke yi. Wata maƙwabciyata 'yar nan ce, iyayenta suka musulunta. Mijinta a bayan gida yake gasa haƙarƙarin shanu da talotalo a gangar da alade bai taɓa shiga ba. Kuma akwai shagunan da ba sa sayar da alade kwata-kwata, sai ka nema. Ita da kanta ta ce mini in shago yana da akwati ɗaya kuma akwai alade a allon farashi, ko dankalinsa ba ta saye, don da hannu ɗaya ake ɗiba.

Ustaz: To ka ji daga 'yan gari. Tambaya uku za ka yi ta bayan gilashin nan: akwatin daban ne, adda da katako daban ne, fatar link ta mece ce. In an amsa maka da kyau, saura batun yanka, wannan kai da malamin da kake bi.

Baban Amira: Zan tambaya. Amma ta farkon ban janye ba. Ɗan Fawa bai gamsar da ni ba.

Ɗan Fawa: To mu gwada a gani. Yankin da ya fi kusa da shi a halal shi ne ƙirjin rago. Guringuntsi iri ɗaya, kitse ma ya fi yawa, kuma mahautan titin Devon suna da shi, ba tsada kamar cinya. A sa su sare shi da inji gunduwa-gunduwa. Rabi in yi masa yajin ƙuli a gefen garwashi yadda babana yake yi, rabi a ɗora kan itace kai tsaye, kitse ya ɗiga, a yi ta watsa ruwa. Kawu shi kaɗai ya san ɗanɗanon na ainihi, shi ne alƙali.

Kawu Jos: Na karɓa. Amma kitsen rago yana daskarewa a dasashi da zarar ya huce, na alade ba ya haka. A ci shi da zafi, in ba haka ba kun zalunci ragon. Kuma a kawo farin burodin nan mai arha, ba na gidan burodi ba.

Maman Hanif: Wa ke da bayan gida? Mu a bene muke, mai gidan haya ya hana ko gawayi a baranda.

Hajiya Zongo: Ku zo nawa ranar Asabar bayan la'asar. Ganga sabuwa za a saya, kuɗin a raba. Miyar kuma ni zan haɗa, da sukarinta.

Ɗan Maraɗi: Ni a ware mini nawa tun kafin a zuba.